Ba Zan Riƙe Miki Nasiru Ba

Wunti, Bauchi

Asma'u,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran, da gajiyar ɗaurin kaya. Allah ya sa canjin wurin aikin da aka yi masa zuwa Lakwaja alheri ne gare ku, ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta masu mutunci. Babanku yana gaishe ki. Yanzu haka yana zaure yana musu da rediyo.

Na san za ki yi mamaki. Gari ɗaya muke, keke ɗaya za ki hau ki iso ƙofar gidan nan, amma na zauna ina miki rubutu. Halinki na sani. Da na ɗauko maganar nan gaba da gaba, sunkuyar da kai za ki yi ki kama murza bakin zane, ki ce "to, Dada," ki miƙe wai jaririya tana kuka. Shi ya sa na ce bari in sa a takarda, ki karanta ke kaɗai inda ba mai kallon fuskarki.

Goggonki Lami ta kawo min saƙonki. Ta ce kina roƙon in riƙe Nasiru a nan, ku tafi da jaririya kawai, wai ni ce nake iyawa da shi, kuma tun da malamar ajinsu ta ce a kai shi likita ya duba shi hankalinki bai kwanta ba. Ta ce ko sunansa ba ki sa a saƙon ba, "yaron nan" kika ce. Ban ga laifinki ba. Ɗan fari ne, kuma a wurina kika koyi kara, ba a kiran sunansa, ba a kallonsa a gaban mutane, ba a shiga maganarsa. Amma amsata a'a ce, ba zan riƙe shi ba. Kada ki ninke takardar. Ki kai ƙarshe, sannan ki yi fushin in kin ga dama.

Ba gajiya na yi da shi ba, kada ma ki kawo wannan a ranki. Angon nawa ne fa. Idan aka tashe su daga makaranta, tun daga bakin layi nake jin zuwansa. Takalmi ɗaya a zaure, ɗaya a bakin rijiya, sallamar ma a guje ake yin ta. Kafin in idar da sallar azahar ya buɗe wa kaji, ya zare min zaren keken ɗinki, ya tambaye ni abin da ya sa ƙadangare yake gyaɗa kai, kuma kafin in buɗe baki ya hau kan turmi. Ina yi masa tsawa ina dariya. Wallahi ranar da bai zo ba gidan nan ba ya yi min daɗi, har Babanku sai ya leƙo ya ce yau ina abokin kishin nasa.

Ni na je wurin malamar, kamar yadda na saba zuwa a madadinki, kuma abin da ta faɗa bai kai yadda kika ɗauke shi ba. Ta ce yaron yana da kai, abin da ya shiga ya shiga. Zama ne ba ya yi. Ana cikin karatu sai a gan shi a bakin taga, a yi tambaya ya amsa tun ba a ƙarasa ba, ya fara rubutu ya bar shi a tsakiya, fensir kuwa kullum sai sabo. Ta ce duk yara suna yi, amma nasa ya fi na tsaransa kuma ya daɗe, shi ya sa take ganin a bar likitan yara ya gan shi. Akwai wata lalura, in ji ta, da ke hana yaro tattara hankalinsa wuri ɗaya, ta sa masa ƙiriniyar da ta wuce kima. Ta faɗi sunanta da Turanci, dogo ne, ban riƙe ba. Ba ta ce yana da ita ba, a duba kawai ta ce. Ina zaune a kan ɗan bencin nan nasu da ya matse min ƙugu, tana magana, ni kuwa ba Nasiru nake gani ba, yayanku nake gani.

Ke kin buɗe ido kin ga Hamma da gemunsa da shagonsa, mutane suna layi ya gyara musu waya ko ya haɗa musu wutar sola. Ba ki san shi yana ƙarami ba, akwai tazara tsakaninku. To Nasiru a kansa malami ne mai natsuwa. Zan ba ki labarin yadda na rene shi, ba don in yi miki kuka ba, ni da shi mun daɗe da wuce wannan wurin. So nake ki ga inda na taka na zame, kada ki bi ta nan.

Lokacin muna gidan haya a nan bayan kasuwa, kakarku tana tare da mu, idonta a kaina, ni kuma ina son a ce matar nan tana da alkunya. Idan zan aiki Hamma, ba na kallonsa. Ina fuskantar murhu zan ce wani ya zo ya kai markaɗe, ya biyo ya sayo daddawa da ashana, ya tsaya wurin tela ya ce ina jiran ɗinkina. Wata rana da hantsi na yi masa irin wannan aike, bai dawo ba sai da aka yi la'asar, da ashana kaɗai a hannu. Robar markaɗen tana can wurin inji, shi kuma ashe yana tsugune a rumfar mai gyaran rediyo yana kallo. Ranar ya sha duka, tuwon ma da miyar kuka muka ci shi.

Akwai maƙwabciyarmu a gidan, Maman Rifkatu, mutuniyar Bogoro ce, nas ce a asibiti, Allah ya haɗa jininmu. Ta ji komai ta katanga. Da gari ya waye ta shigo aron rariya ta ce min, "Jiya wa kika aika? Ni dai na ji kina magana da murhu." Na ji haushi ƙwarai, na ce mu haka muke yi da ɗan fari. Ba ta yi min musu ba. Ta kira shi da sunansa, ta durƙusa daidai tsayinsa, ta dafa kafaɗarsa ta ce ya je ya ɗauko robar markaɗe, ita kaɗai, ta kuma sa shi ya maimaita. Kafin ruwan da na ɗora ya tafasa ga shi ya dawo da roba a ka yana haki, yana kallonta yana jira ta ce ya kyauta. Ta kuwa faɗa.

To ki ji, Asma'u. Yaro irin wannan ba a yi masa magana ta iska. Duk abin da ke motsi a tsakar gida yana jan hankalinsa, kaza, ƙuda, ƙarar babur a waje, kuma idan maganarki ba ta da ido ba ta da suna, ita ma ɗaya ce a cikinsu. Ki kira shi, ki bari ya kalle ki, ki faɗi abu ɗaya. Ya dawo, ki ce ya kyauta, sannan ki faɗi na biyu. Ni na koyi kallon da dafa kafaɗar, a ɗaki, idan kakarku ta fita unguwa. Sunan ne ban taɓa iyawa ba. Kin ga har a takarda Hamma nake rubutawa yadda kuke kiransa, harshena ya riga ya ƙage. Naki bai ƙage ba tukuna.

Sai maganar makaranta. Hedimasta ya aiko a zo, iyayen yaro yake son gani. Babanku ya ce shi ina, ya je ya tsaya a gaban malamai a kan ɗan fari, a ce ba shi da kunya? Ni ma na ce Allah ya kiyaye. Muka tura kakarku. Tsohuwa ta sa mayafi ta je, ba ta ma bari hedimasta ya gama bayani ba, ta ce kunnen ƙashi ne da shi, su dake shi, ta ba su izini. Suka kuwa riƙe izinin nan da kyau. Har ya bar makarantar ba wanda ya faɗa musu cewa yaron nan da ba ya iya zaman aji yana iya kwance fitilar hannu ya mayar da ita ta kama, ko cewa idan aka bar shi yana zagaya tsakar gida yana karatu, hadda tana zama masa daram. Ni na san duk wannan, amma ina gida ina kara.

A Lakwaja ba ki da Dada da za ki tura. Ko da kina da ita, ba wanda ya san yaron nan kamar ki, duk da kina yi kamar ba kya ganinsa. Na sha kama ki kina satar kallonsa ta gefen ido kina danne murmushi. Ranar da za a sa shi makaranta ke za ki je, da ƙafarki. Ki faɗa wa malaminsa tun kafin shi ya faɗa miki. Ki ce a zaunar da shi gaba, nesa da taga, a riƙa aikensa goge allo ko raba littattafai don ya samu ya motsa. Kuma ki sani mutanen can ba lalle su san kararmu ba. Idan suka ga uwa ba ta kiran ɗanta, ba ta tambayar yadda yake, za su ɗauka ba ta damu da shi ba, su ma su yi masa riƙon wanda ba shi da kowa.

Ba irin shawarar da ban sha ba a kan Hamma. Wata ta ce baki ne, wata ta ce iska ce ta shafe shi a gindin tsamiya, wata ta ce zaƙi ya yi masa yawa. An yi hayaƙi har labulena ya koma baƙi. Ranar bikin Goggonki Lami wata ta ba ni maganin mura na ruwa, ta ce in ɗura masa ya yi barci in samu in yi hidima. Na ɗura. Ya kwanta yini guda kamar tsumma, ana kiɗa a kansa bai motsa ba, sai ni na kasa cin abincin bikin, ina ta kai hannu hancinsa. Da Maman Rifkatu ta ji, faɗan da ta yi min ko uwata ba ta taɓa yi min irinsa ba, kuma na cancanta. Addu'a kam kada ki bari, ki tofa masa safe da yamma, ki roƙa masa shiriya a sujadarki. Amma duk abin da za a zuba a cikin yaron nan, in ba likitan da ya duba shi ne ya rubuta ba, ki ce kin gode ki ajiye. Ko mai kemis ne ya rantse miki.

Zuwa wurin likitan kuma ba abin kunya ba ne, ba kuma cewa aka yi yaron ya taɓu ba. Ku je ke da maigidanki, shi ma ya ajiye tasa karar a gida. Za a tambaye ku yadda yake a gida da yadda yake a makaranta, yadda yake barci, tun yaushe abin ya fara. Mai yiwuwa a duba kunnensa da idonsa, don wani yaron ba ji yake da kyau ba ake ce masa mara ji. Ki buɗe baki ki yi bayani dalla-dalla, kada ki tsaya kina "haka dai" kina kallon ƙasa. Wataƙila a ce ƙiriniyar yarinta ce za ta wuce, ku dawo kuna dariya. Wataƙila a ce lalurar ce, a nuna muku yadda za ku bi da shi. Ko wanne ne, gara ku sani. Mu a lokacinmu ba wanda ya ce mana abin yana da suna, balle a ce akwai mai duba shi. Da na sani, da goye zan kai shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a'a. Da abin Hamma ya ishe mu, kakarku ta ce a kai shi Zungur wurin Baffa Sale, gona za ta gyara shi. Na haɗa masa kaya, ban raka shi ko zaure ba, don kada a ce. Ya yi damina a can ya zarce har kaka. Da ya dawo ya yi baƙi ya yi tsawo, kuma ya yi shiru. Kowa yana sa albarka, ana cewa Zungur ta yi aiki. Ni ma na yi murna da farko. Sai na lura ba ya shiga ɗakina. Zai zo bakin ƙofa ya tsaya, ya yi sallama kamar baƙo, sai an ce ya shigo. Yaron da a da yake faɗowa kan gadona da ƙafafu duk ƙasa. Ƙiriniyar ma ba ta tafi ba, waje ya mayar da ita, inda ba na gani. Na daɗe ina lallaɓa shi kafin ya koma shigo min ba izini, kuma ranar da ya fara na yi kamar ban gani ba, amma daɗin da na ji Allah kaɗai ya sani.

Shekaranjiya ya biyo cin tuwo, Goggonki Lami tana nan, bakinta kuma kin san shi, ta fesa masa saƙonki. Ya ajiye cokali. Ban taɓa jin ya ɗauko maganar Zungur ba sai ranar. Ya ce, "Dada, su Baffa ba su taɓa dukana ba, sun riƙe ni da kyau. Abin da na yi ta tambayar kaina a gona shi ne, me na yi aka bar ƙannena a gida aka ɗauke ni?" Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin tuwo, har ya nemi ƙari. Da zai tafi ya manta makullin babur ɗinsa a kan tabarma, ya dawo, ya ɗauka, ya manta hula.

Nasiru yana da wayo, Asma'u. Zai ga an ɗauki ƙanwarsa an shiga mota, shi an bar shi. Duk tuwon da zan tuƙa masa da duk tatsuniyar da zan yi masa ba za su amsa masa wannan tambayar ba. Riƙon jika ba laifi ba ne, rabin unguwar nan a hannun kakanni suka tashi, kuma da don makaranta ne ko don kewa ta ishe ni, da ni zan fara roƙonki. Amma ba a barin yaro saboda halinsa. Zai gane, ko ba a faɗa masa ba.

Kada kuma ki ɗauka wahala kaɗai ke jiranki. Ki dubi yayanku. Da Babanku ya gaji da bulala ya kai shi wurin mai gyaran rediyon nan bayan makaranta, sai ga yaron da ba ya zaman minti guda yana yini a kan abu ɗaya har a kira shi cin abinci bai ji ba. Sakandare da ƙyar ya gama, ba zan ɓoye miki ba, kuma ina jin da an taimake shi da wuri da bai sha wuya haka ba. Amma ga shi nan da iyalinsa da yaran shagonsa, ba wanda ya kai shi zumunci a cikinku, ke ma kin sani. Matarsa ce ke riƙe masa takardu, shi yana riƙe mata dariya. Alhamdu lillahi, ni ban ga abin da Allah ya rage ni da shi ba.

Shi ma angon nawa akwai abin da zai kama shi, ki sa ido ki gano. A nan na ga yana son duk abin da ake kwancewa a ɗaura, kuma idan na ba shi tsintar wake muna hira yakan zauna fiye da yadda kike zato. Ki bar shi ya yi gudunsa ya gaji kafin ki ce ya zauna karatu, kuma karatun kaɗan-kaɗan, a tashi a dawo. Lokacin abinci da na kwanciya su zama ɗaya kullum. Wayar nan da kike miƙa masa don ki samu sarari, na gani, ki rage, yana ajiye ta haukansa ya fi na da. Idan ya yi ɓarna ki hukunta shi a take, gajere, a wuce wurin, kada ki tara masa sai babansa ya dawo, kafin nan shi ya manta abin da ya yi. Ranar da ya kai ki bango, kuma zai kai ki, ki shiga ɗaki ki sha ruwa ki kira ni a waya ki zage shi a kunnena. Ni zan iya ɗauka.

Idan ya yi abin kirki ki faɗa masa a fuskarsa. Na san wannan ya fi duka wuya a wurinki. Yaro irin Nasiru yana jin "bari" da "sauka" da "kai, kai" tun safe har dare, daga kowa. Ya kamata a samu mutum ɗaya da yake jin "ka kyauta" a bakinsa, kuma ya fi son ya ji a naki a kan nawa.

Kayansa da ke nan na wanke na ninke, Hamma zai kawo miki da yaji da daddawar da na daka. Takalminsa ɗaya ban gani ba, in ya fito zan aiko. Gidan nan zai yi min shiru, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma ba na son shirun. Da hutu ku kawo min shi ya zo ya birkita min ɗaki.

Ranar tafiya zan zo tasha. Surukarki za ta zo, da ƙannen maigidanki, da su Goggo Lami. Kin san yaron nan ba zai tsaya ba. Ana ɗora kaya zai zame ya nufi wurin masu lemo ko ya bi bayan wata mota, kuma kowa zai juyo ya kalle ni, don ni na saba kira. Ba zan kira ba. Ke za ki kira shi, da sunansa, da ƙarfi yadda zai ji a cikin hayaniyar nan, ki riƙe hannunsa ki shigar da shi mota ki zaunar da shi kusa da ke. Idan surukarki ta ɗaga gira, ki bar ni da ita, tsarata ce. Ni kuma zan juya baya in yi kamar ina cinikin rake, don kada ki ji kunyata.

Allah ya tsare hanya, ya sauke ku lafiya, ya raya miki su biyun, ya ba ki haƙurin da ya fi nawa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Dada